Birnin Gombe Da Zafin Ɗakunansa: Tun Ran Gini, Ran Zane

Duk matafiyin da ya baro Bauci da hantsi ya nufi gabas, ya ƙetare gadar Dindima a kan kogin Gongola, ya wuce Alkaleri, to, bayan tafiyar kilomita 150 da 'yan kai zai iso bakin tudun da ke kallon birnin Gombe. Daga Tumfure hanya takan fara gangarawa, sai ga gari shimfiɗe a cikin kwari kamar an zuba tsaba a ƙwarya, dutsen Gombe da na Liji suna tsaye daga gabas. Abin da ya fi ɗaukar ido daga nan shi ne rufin gidaje. Ga tsohon kwano da ya yi tsatsa, ga sabo yana ƙyalli har ya kashe ido, ga kuma rufin zamani, ja da shuɗi da baƙi, masu tsini kamar ana gasar taɓa sama. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi kan kai digiri 40, har wani tururi ake gani yana rawa a bisa rufin nan, kuma a ƙarƙashinsa ne jama'a ke kwana suna tashi.

Gombe ba tsohon birni ba ne irin su Kano ko Katsina. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya kafa hedkwatarsa, can kusa da Gongola. Bayan zuwan Turawa aka mayar da mazaunin sarauta Nafada a 1913, sa'an nan aka taso zuwa Doma a 1919, watau inda birnin yake a yau. Auduga da gyaɗa ne suka fara raya shi, aka kafa injin gurzar auduga, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963 kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. A 1979 masana'antar siminti ta Ashaka ta fara aiki a arewacin garin. Ran 1 ga Oktoba, 1996, aka yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauci, garin ya zama babban birni, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 260,000 a Ƙaramar Hukumar Gombe kaɗai, kuma tun daga 2009 rikicin arewa maso gabas ya koro dubban iyalai daga Barno da Yobe da Adamawa, da yawansu suka sayi fuloti suka zauna. Saboda haka galibin ɗakunan da ake kwana cikinsu a Gombe yau ba su kai shekara 30 da ginawa ba, wasu dubbai kuwa yanzu ake haƙa harsashinsu.

AIKIN MAGINAN DA

Wanda ke son ya ga yadda aka fara gina garin nan, sai ya ajiye mota kusa da fadar Mai Martaba Sarkin Gombe, ya taka da ƙafa cikin lungunan tsofaffin unguwanni. Ko da yake siminti ya cinye yawancinsu, akan tarar da sauran gidajen ƙasa nan da can, wasu an yi musu hular kwano. In baƙo ya yi sallama ya shiga zauren irin wannan gida da azahar, zai ji sanyi ya ratsa shi kamar ya shiga inuwar tsamiya, alhali kuwa babu fanka, babu wata na'ura.

Ba tsafi ba ne, sani ne. Maginan da sukan haƙo jar ƙasa su kwaɓa ta da ciyawa, su bar ta ta kwana da kwanaki tana tsima, sa'an nan su mulmula tubali su shanya. Bango yakan yi kauri ƙwarai daga gindi, yana sirancewa zuwa sama. A rufe da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a shafe da makuba, a sa indararo ya zubar da ruwan damina nesa da gindin bango. Bango mai kauri irin wannan ba ya barin zafin rana ya ratsa shi nan da nan. Sai ya yi ta shan zafin yana riƙewa har sa'o'i masu yawa, kafin ya kai ciki rana ta yi sanyi. Da hunturu kuma, lokacin da iskar Disamba ke busawa da asuba, ɗumin da bangon ya tara da rana shi ke riƙe da masu barci. Ga tsakar gida a buɗe tana shan iska, ga rumfa, ga itacen darbejiya ko mangwaro yana ba da inuwa. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan fasaha sai ya je Kafin Madaki a Jihar Bauci, ko tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu.

Amma fa a faɗi gaskiya, ginin ƙasa yana da nasa wahalhalu. Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, in an yi sakaci soro ya yi yoyo ko bango ya zube. Tagoginsa ƙanana ne, hayaƙi da duhu sukan yi yawa, kuma da daren bazara soro kan fitar da zafin da ya sha, sai a fito tsakar gida a shimfiɗa tabarma. Don haka da kuɗi suka shigo hannun mutane, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, kowa ya ga babu abin da ya fi masa kamar ya huta da yaɓe. Kwano da bulo suka zama alamar arziki, ginin ƙasa ya zama abin da ake jin kunyar nuna wa surukai. An rabu da yoyo, amma tare da shi aka zubar da sanin da ke hana ɗaki zama tanda.

SABABBIN UNGUWANNI

Daga tsakiyar gari sai a bi ta Jekadafari da Bolari da Pantami, ko a haura Tudun Wada, ko a fita ta Malam Inna da Kagarawal inda gari ke cin gonaki. Ko'ina ƙarar injin buga bulo ce da tifofin yashi. Ginin da ya fi yawa a nan shi ne na haya: ɗakuna a jere, bulo mai inci 6, taga ɗaya ƙarama, kwano a bisa kai, sau da yawa ba silin. Kwanon da rana ta daka tun safe yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma tun da ba abin da ya raba shi da mutanen ciki, zafin nan kai tsaye yake sauka a kansu. Bulo mai rami kuwa ba shi da kaurin da zai jinkirta zafi. Kafin la'asar ya ɗauka, bayan isha yana nan yana fitarwa cikin ɗaki.

Kada mai karatu ya zaci gidajen masu hali sun tsira. A wajen Shongo da sabuwar unguwar Turawa da gefen hanyar Bauci akwai gidaje na miliyoyin Naira waɗanda aka kwaikwayo daga hotunan ƙasashen sanyi. A can rufi mai tsini yana sa dusar ƙanƙara ta zame, baƙin launi kuma yana shan ɗan hasken ranar da suke samu. A Gombe, wadda ke kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, rana kan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, don haka baƙin rufi tara wuta kawai yake yi. Sa'an nan ga manyan tagogin gilashi suna fuskantar yamma, irin masu zamewa waɗanda rabi kaɗai ke buɗuwa. Ga doguwar katanga ta matse gida ta hana iska wucewa. An sare itatuwan da aka tarar a fulotin, an shafe tsakar gida da siminti. Mai irin wannan gida ya riga ya ɗaura wa kansa auren na'urar sanyaya ɗaki da janareto, auren da babu saki.

Shafe ƙasa da siminti yana da wani sharrin kuma. Gombe a kan yashi take, kuma kowa ya san yadda kwazazzabai suka yayyanka unguwanninta. Ruwan da ya sauko daga kwano bai sami inda zai nutse ba, sai ya bi lungu da gudu ya ƙara wa zaizaya ƙarfi.

Da dare ya yi a bazara, sai a ga sakamakon. Maza suna kwance a ƙofar gida da bakin shaguna, mata da yara a tsakar gida suna fama da sauro, wasu suna yayyafa wa katifa ruwa. A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, ƙanƙara ta zama abin nema ruwa a jallo a garuruwan Arewa. Malaman asibiti sun daɗe suna gargaɗi cewa cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka wa sanƙarau da ƙyanda yaɗuwa a wannan lokaci. Tsofaffi da jarirai da masu ciki su suka fi jin jiki, ɗan makaranta kuwa da bai runtsa ba, ina zai fahimci karatu da safe?

WUTA DA KUƊINTA

Wani zai ce ai maganin zafi wutar lantarki. Lalle haka ne, in akwai ta, in kuma ana iya biya. Kimanin kilomita 37 gabas da birnin akwai madatsar ruwa ta Daɗin Kowa, wadda aka gama a cikin shekarun 1980, amma sai bayan shekaru fiye da 30 injinanta masu ƙarfin megawat 40 suka fara ba da wuta. Yawancin wutar da yankin ke sha ta babban layin da ya taso daga Jos take zuwa, kuma a watan Afrilu na 2024 ɓarayi suka kayar da turakun layin, arewa maso gabas ta shiga duhu ana tsakiyar zafi. A Oktoba na wannan shekara ma jihohin Arewa da yawa sun yi fiye da mako guda babu wuta. A irin waɗannan ranaku ne ake gane gidan da aka gina don mutum da wanda aka gina don na'ura.

Ga kuma lissafin aljihu. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 kowane yunit. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki 1 takan sha kimanin yunit 7 in ta yi awa 8 tana aiki. A wancan farashi, fiye da Naira 1,500 ke nan a dare guda, fiye da Naira 45,000 a wata, don ɗaki ɗaya tak, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yuli na 2024 Naira 70,000 ne. Mai janareto kuwa tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu na 2023 yake lissafi kafin ya ja igiya. Duk zafin da rufi ya bari ya shiga ɗaki, da kuɗi ake fitar da shi, kuma za a yi ta biya muddin gidan yana tsaye, shekara 40 ko 50.

ƘA'IDAR DA KE KAN TAKARDA

Ƙasashen Turai da Amurka sun gane haka ne bayan tashin farashin mai na 1973. Faransa ta kafa dokar tare zafi da sanyi a gine-gine a 1974, Jihar Kalifoniya ta bi baya a 1978. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, sa'an nan a watan Agusta na 2017 Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda aka tsara da taimakon Jamus da Tarayyar Turai.

Abin da ke cikinta ba shi da wuyar fahimta. Na farko, kada faɗin tagogi ya wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango, in kuwa ya wuce to a yi musu inuwa. Na biyu, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, wanda in da irin audugar gilashin nan ce, kaurin kimanin inci 2 ya wadatar. Na uku, fitilun gidan zama kada su sha fiye da wat 6 a kowane murabba'in mita. Na huɗu, na'urar sanyaya ɗaki ta zama irin mai tsimin wuta, wadda ke rage gudu da kanta in ɗaki ya yi sanyi. An kuma tanadi ba gini taurari daga 1 zuwa 5 gwargwadon tsiminsa. Masu tsara ƙa'idar sun ƙiyasta cewa ginin da ya cika waɗannan sharuɗɗa zai rage shan wuta da kimanin kashi 40 cikin 100.

Duk wanda ya dubi sharuɗɗa biyu na farko da kyau zai ga ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Taga daidai wa daida, inuwa a bango, rufi mai hana zafi sauka: abin da maginan da ke yi ke nan da ƙasa da azara, yau an rubuta shi da alƙaluma.

Sai dai ƙa'idar Tarayya ba ta hawa kan kowa sai jiha ta ɗauke ta ta sa cikin dokokinta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane da ba da iznin gini hurumin jihohi ne. Ashe ke nan makomar ɗakunan Gombe ba a Abuja take ba. Tana kan teburin Hukumar Tsara Birane ta Jiha, inda ake buga wa zanen gini hatimi, da hukumar GOGIS mai kula da takardun filaye, da kuma zauren Majalisar Dokokin Jiha.

ABIN DA ZA A IYA

Masu gini za su ce siminti da rodi sun riga sun yi tsada, ina dalilin ƙara musu kaya? Maganarsu abin dubawa ce, domin dokar da ta fi ƙarfin talaka kewaye ta za a yi, ta zama hanyar karɓar na goro kawai. Amma da yawa daga abubuwan da ke sanyaya gida ba sa cin ko kwabo in an yi su tun a zane. Juya gini tsawonsa ya bi gabas da yamma, yadda manyan tagogi za su kalli kudu da arewa, kyauta ne. Farin kwano bai fi baƙi tsada ba. Taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, da leɓen rufi mai faɗi da zai inuwantar da bango, da 'yan ƙofofin iska tsakanin silin da kwano, da barin itacen da aka tarar a fuloti, duk ƙaramin abu ne a ranar gini, babban aiki ne bayan an tare.

Akwai kuma abin koyi a maƙwabta. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin yadda iska ke wucewa tsakani tana kwashe zafi, kuma a 2022 ya sami babbar lambar yabo ta masu zanen gini ta duniya. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, garin Hausawa, an kammala sabon masallaci da ɗakin karatu a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji, bisa zanen Mariam Kamara da abokiyar aikinta, magina na garin kuma su suka yi aikin. A birnin Ahmadabad na Indiya, hukuma ta bi unguwannin talakawa tana shafa wa rufi farin fenti don rage zafi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Gombe, wadda ke da ƙasa da yashi, da siminti a Ashaka, da jami'ar jiha tun 2004, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da sana'o'i.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da abin da hukuma ke da cikakken iko a kansa: rukunin gidajen gwamnati, da makarantu, da asibitoci, da manyan gidajen da kamfanoni ke ginawa don sayarwa. In jama'a suka shiga suka ji bambanci da jikinsu, ba sai an yi musu dogon wa'azi ba. Sa'an nan a tsamo sharuɗɗa huɗu ko biyar, a rubuta su da Hausa da Fulatanci a takarda guda mai hotuna, a raba wa ƙungiyoyin birkiloli da kafintoci, domin galibin ɗakunan garin nan ba su taɓa ganin akitet ba, mai gida da birkila ne ke tsayawa a fili su ja layi da ƙafa. Shirin dashen itatuwa da Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar a 2019 ana iya ɗaura shi da iznin gini, a ce kowane sabon fuloti sai da itace a tsaye da ɗan filin da ruwa zai nutse.

Wanda ya fi kowa bukatar dokar nan shi ne ɗan haya. Mai gida ne ke zaɓar kwano, amma ɗan haya ne ke kwana ƙarƙashinsa, shi ke biyan kuɗin wuta da na magani. Tun da wanda ya yi tsimin kuɗin silin ba shi ke shan zafin ba, kasuwa ba za ta gyara wannan da kanta ba, sai hukuma ta tsaya tsakani ta ce ɗakin haya ba ya haya sai da silin da tagogin da iska ke ratsawa. Malamin firamare da ɗan acaɓa da matar da rikici ya koro daga Barno ba su da murya a ofishin tsara birane, doka ce kaɗai za ta yi magana a madadinsu.

Birane irin su Kano sun riga sun cika, gyaransu sai da rusau. Gombe kuwa har yanzu tana da sauran dama, domin fulotan da ke tsakanin Tumfure da Lawanti, da na hanyar Dukku da hanyar Biu, yawancinsu ko harsashi ba a haƙa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da aka yarda a aza a kan fulotan nan cikin shekaru 10 masu zuwa, shi 'ya'ya da jikoki za su gada, ko inuwa ko tanda. Allah Ya ba shugabanni da magina da masu gida ikon duba wannan al'amari tun da sauran lokaci, amin.